Gwani Da Ɗan Koyo A Tebur Ɗaya: Abin Da Na Gani A Wasan HeroQuest



Idan ka taɓa zama wasan dara da wanda ya fi ka nesa ba kusa ba, ka san yadda ake ƙarewa. Kafin ka gane inda aka dosa ya cinye ka sau uku. Kai ka gaji da shan kaye, shi ma ya gaji da cin bulus, sai a watse. A ludo kuwa abin da ƙwaya ta ba ka shi ne rabonka. Yaro ɗan shekara takwas yana iya kora babban mutum gida, amma mai son ya yi aiki da kansa ba ya daɗewa zai ƙosa. To shin akwai wasan da gwani da wanda yau ya fara gani za su zauna tare, a kwashe awa biyu, kowa ya tashi yana tambayar yaushe za a sake?

Akwai. Ni dai na same shi a wani nau'in wasan tebur da Turawa ke kira dungeon crawler, kuma yanzu har wayar da ke hannunka tana da aikin yi a ciki. Sai dai akwai sharaɗi guda da babu kamfanin da zai iya sa maka a cikin kwali: kowa ya riƙe shawarar kansa. Bari mu bi abin daki-daki.

WANE IRIN WASA NE?

Ka ɗauka ku huɗu ne, kowa da ɗan mutum-mutumin roba da ke wakiltarsa a kan allo. An sauke ku a wani gini na ƙarƙashin ƙasa mai lunguna da ɗakuna a rufe. Ba ku san abin da ke bayan ƙofa ba sai kun buɗe: ko dodanni, ko tarko, ko akwatin zinare. An ba ku aiki ɗaya, misali ku ceto wani fursuna ko ku gama da shugaban dodannin, sannan ku fito da ranku. Ba da juna kuke faɗa ba, ɓangare ɗaya kuke.

Tushen abin daga Amurka yake. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, wasan da ake yi da littattafan dokoki da takarda da fensir. Yana da daɗi, amma koyonsa aiki ne. A 1989 kamfanin Milton Bradley ya haɗa kai da Games Workshop a Ingila suka fitar da HeroQuest, wanda Stephen Baker ya tsara, don a samu irin wannan daɗin a cikin kwali ɗaya da iyali za su iya buɗewa su fara a take. Ya isa Amurka a 1990, daga baya aka daina buga shi na shekaru masu yawa, sai a 2021 Hasbro ya dawo da shi ƙarƙashin sunan Avalon Hill. Shi ne wanda na fi bugawa, shi ya sa zan fi tsayawa a kansa.

DOKOKIN BA SA CIN MINTI GOMA

Mutum 2 zuwa 5 ke bugawa. Huɗu su ne jarumai, ɗaya kuma ya zama Zargon, mugun matsafin da ke juya dodanni. Shi kaɗai ke ganin taswira, yana ɓoye ta a bayan wani ɗan kwali. Littafin da ke cikin kwalin yana da zango 14, kowane da nasa labari da taswira.

Idan layi ya zo kanka, abu biyu za ka yi. Ka jefa ƙwaya biyu irin na ludo ka yi tafiya, wato daga gida 2 zuwa 12. Sannan ka yi aiki ɗaya: ka kai sara, ko ka yi sihiri, ko ka nemi dukiya, ko ka nemi ɓoyayyiyar ƙofa, ko ka duba tarko, ko ka kwance shi. Shi ke nan.

Ƙwayar faɗa daban take. Fuska shida gare ta: uku ƙoƙon kai, biyu farar garkuwa, ɗaya baƙar garkuwa. Ƙoƙon kai sara ne ya shiga. Jarumi yana tarewa da farar garkuwa, dodo kuma da baƙa. Ka lura da lissafin: jarumi yana da dama 2 cikin 6 ya tare, dodo yana da 1 cikin 6. Tun daga ƙwayar an ɗan karkata wasan wajen jarumai, shi ya sa ɗan koyo ba ya mutuwa a ƙofar farko.

Wanda ya iya ludo ya riga ya iya rabin wannan. Amma sauƙin dokoki kaɗai ba ya riƙe gwani. Abin da ke riƙe shi yana cikin yadda aka raba jaruman.

KOWA DA GIRMAN KAYANSA

Jaruman huɗu ba nauyinsu ɗaya ba, kuma da gangan aka yi haka.

Barbarian ƙaton mayaƙi ne. Ƙwaya 3 yake jefawa idan zai kai sara, ransa 8. Idan ka lissafa, sau 7 cikin 8 zai samu aƙalla ƙoƙon kai ɗaya. Ko ka yi ganganci da shi, yana da jinin da zai shanye. Wannan shi ne na wanda yau ya fara. Zai shiga gaba, ya sari dodo, ya ga sakamako nan take, ya ji cewa da shi ake yi.

Dwarf gajere ne kakkaura, ƙwaya 2, rai 7, kuma yana kwance tarko ba sai da kayan aiki ba. Ya dace da mutum mai natsuwa, wanda ba ya son hayaniya amma yana son a ce ba don shi ba da an faɗa rami.

Elf ƙwaya 2, rai 6, da katin sihiri 3. Na wanda ya buga sau biyu ko uku ne, yana son ƙarin abin tunani.

Wizard kuwa ƙwaya 1 tak, rai 4, amma katin sihiri 9 ne a hannunsa, kuma kowane kati sau ɗaya ake amfani da shi a zango guda. Yaushe zan warkar da Barbarian? In sa wannan dodon barci yanzu, ko in ajiye katin saboda abin da ke gaba? Ina zan tsaya kar a iso ni? Kuskure biyu sun isa su kwantar da shi. Gwani ya ɗauki wannan, ya ga ko da gaske gwani ne.

Ka ga dabarar? Allo ɗaya, labari ɗaya, amma kusan wasa huɗu ake bugawa, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Kuma kowa na bukatar kowa. Wizard ba zai kai labari ba idan babu ƙaton da ke tare masa ƙofa, ko da kuwa mai riƙe da ƙaton bai san sunan wasan ba jiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

MATSALAR DIREBA

Yanzu ga inda ake samun tangarɗa, kuma ba daga wasan take ba.

A cikin waɗanda muke bugawa tare akwai wani abokinmu da ya haddace dokokin kamar sunansa. Mutumin kirki ne, ba ya son a faɗi. Wata rana aka zo da ƙanin wani daga cikinmu, aka ba shi Barbarian kamar yadda ya dace. Duk lokacin da layi ya zo kan yaron, kafin ya buɗe baki abokin nan ya riga shi: "Matsa gida huɗu. A'a, kar ka buɗe wannan ƙofar tukuna. Sari na hagun." Kuma fa duk shawarar daidai ce. Mun ci zangon ba wanda ya mutu. Amma tun kafin a yi rabi yaron ya koma latsa wayarsa, sai an taɓa shi ya jefa ƙwaya. Mako na gaba bai zo ba. Bai yi fushi ba, bai yi ƙorafi ba, kawai bai ga abin da zai dawo yi ba.

Mu a tsakaninmu direba muke kiran mai irin wannan hali. Kai ma ka san shi a harkar waya. Ka ce ya nuna maka yadda ake wani saiti, sai ya karɓe wayar, ya danna nan ya danna can, ya miƙo maka ya ce an gama. Aiki ya yi, amma gobe ma sai ka neme shi.

Ga kishiyar wannan. Wata baƙuwa da ta zauna da mu karon farko ta ga ƙofa a ƙarshen lungu ta ce ita sai ta buɗe. An ce mata a jira sauran su ƙaraso, ta ce a'a. A HeroQuest ƙofar da aka buɗe ba ta rufuwa. Dodanni suka fito, suka bi ta gefenta suka kwantar da Wizard ɗinmu. Da ƙyar sauran suka tsira. Har yau idan an haɗu sai an tayar da zancen ƙofar nan ana dariya, kuma ita ce yanzu ke fara tambayar yaushe za a zauna. Ta yanke shawara, ta ga abin da shawarar ta haifar, wasan ya zama nata.

Abin da na fahimta ke nan: ɗan koyo yana iya jure faɗuwa. Abin da ba ya jurewa shi ne ya zama hannun da ke jefa wa wani ƙwaya. Kuma asarar ba ƙarama ba ce. Wasan mutum biyar ne, idan baƙi suna zuwa sau ɗaya ba sa dawowa, kwalin da aka kashe kuɗi a kai zai koma saman kwaba yana shan ƙura.

KUJERAR ZARGON

HeroQuest yana da maganin direba a cikinsa, wato kujerar Zargon. Wanda ya fi kowa sani, a ba shi ita. A can saninsa zai yi amfani ba tare da ya danne kowa ba. Shi zai karanta labarin zango, ya jera ɗakuna idan an buɗe ƙofa, ya amsa tambayar doka, ya motsa dodanni. Kuma tunda abokin gaba ne, ba shi da bakin cewa "matsa gida huɗu".

A hannunsa ma'aunin zafi yake. Idan sababbi ne a tebur, ba dole ya tara dodanni duka a kan Wizard a daren farko ba. Idan tsofaffin hannu ne, ya matsa musu iya ƙarfinsa. Abu ɗaya dai: kar ya riƙa sakin wasa a fili don a ci. Mutane suna ganewa, kuma nasarar da aka ba ka sadaka ba ta da daɗi. Idan ya gama zango 14 ɗin, akwai taswirar da ba a cike ba a ƙarshen littafin, ya zana nasa zangon. Wannan aikin kaɗai ya isa ya riƙe gwani wata da watanni.

INDA WAYA TA SHIGO

To idan duk ku sababbi ne fa, ko babu mai son zama mugu? A nan manhaja ke shigowa. Hasbro ya fitar da HeroQuest Companion App kyauta, tana kan Android da iPhone. Ka shiga Play Store ko App Store, ka rubuta sunan, ka tabbatar sunan Hasbro ne a ƙasa kafin ka sauke.

Manhajar ita ke zama Zargon. Za ka zaɓi zango da jarumai, ta karanto labarin da murya. Duk inda ka matsa a kan allo sai ka nuna mata a waya. Idan ka buɗe ƙofa ta nuna maka abin da za ka jera a ɗakin, idan layinta ya zo ta motsa dodanni ta zaɓi wanda za su kai wa hari. Da ita ko kai kaɗai kana iya bugawa. Amma ka sani, ba ta maye gurbin kwalin. Allo da katuna da mutum-mutumin duk sai kana da su.

Gaskiya tana da amfani, amma tana da illa biyu da ya kamata ka sani. Na farko, waya ba ta kallon fuska. Ba ta san cewa yaron da ke gefenka ya fara karaya ba. Na biyu, idan ta hau kujerar Zargon, gwani ya dawo cikin jarumai, ga direba ya samu sitiyari. Abin da muke yi shi ne mu damƙa masa wayar. Shi zai riƙa shigar da motsin kowa, ya jera kayan ɗaki, ya bi lissafin jinin dodanni. Hannunsa da idonsa suna da aiki, bakinsa sai ya huta.

Ƙaramar shawara: a cika caji kafin a zauna, a sa wayar a yanayin hana shigowar sanarwa, in akwai tablet ya fi, don kowa ya ga allon.

HeroQuest ba shi kaɗai ke wannan ba. Kamfanin Fantasy Flight Games ya fitar da manhajar Road to Legend a 2016 don wasansa Descent: Journeys in the Dark, sannan a 2021 ya fitar da Descent: Legends of the Dark wanda ba ya buguwa sam sai da manhaja.

IDAN TEBUR YA GIRMA

Ba zan ɓoye maka ba, HeroQuest yana da iyaka. Tafiya da ƙwaya ce, faɗa da ƙwaya ne. Wata rana za ka tsara komai daidai ka jefa 2, ka tsaya a tsakiyar lungu kamar an dasa ka. Ɗan koyo dariya zai yi, amma wanda ya shekara yana bugawa zai fara neman abin da ya fi wannan.

Gaba da gabanta. A 2017 Isaac Childres ya fitar da Gloomhaven ta kamfaninsa Cephalofair Games. Kwali ne mai nauyin kusan kilo 10, da zango 95, kuma ya yi shekaru yana matsayi na ɗaya a jerin BoardGameGeek. Kar ka fara sabon mutum da shi, zai gudu. A 2020 suka fitar da ƙaninsa, Gloomhaven: Jaws of the Lion, mai jarumai 4 da zango 25, na mutum 1 zuwa 4. Shi ne matakin da nake ba da shawara bayan HeroQuest, saboda dabaru uku da ya yi.

Ta farko, zango 5 na farko makaranta ce. Ana farawa da 'yan katuna masu sauƙi, kowane zango a ƙara doka kaɗan. Taswirar ma a cikin littafi take, ka buɗe shafi ka ɗora mutum-mutumi a kai.

Ta biyu, babu ƙwaya kuma babu Zargon. Katuna ke juya dodanni. Kai kuma kowane zagaye za ka zaɓi kati 2 daga hannunka, ka yi aiki da rabin sama na ɗaya da rabin ƙasa na ɗayan. Katunan su ne ƙarfinka, suna raguwa a hankali, idan suka ƙare ka fita daga zangon. Nan gwani zai samu lissafin da yake nema.

Ta uku ita ce ta fi burge ni. Kowa a ɓoye yake zaɓar katinsa, kuma doka ta hana ka faɗi sunan katin ko lambar da ke kansa kafin a buɗe. Kana iya cewa "zan yi sauri in kai wa na gaban nan hari", amma ba fiye da haka ba. Wato an rubuta maganin direba a cikin dokar kanta. Ba zai iya tuƙa ka ba tunda bai san abin da ke hannunka ba. Ga shi kuma ana iya ɗaga ƙarfin dodanni ko a sauke shi kafin a fara kowane zango, gwargwadon waɗanda ke zaune.

IDAN ZA KA HAƊA TEBUR

Waɗannan wasannin ba su da arha, sau da yawa sai an yi odarsu daga waje, don haka ya fi a haɗa kuɗi a sayi ɗaya. Idan ya iso, ga abin da na ga yana aiki:

1. Kar ka karanta wa mutane littafin dokoki. Ka faɗi aikin da aka ba su, ka nuna tafiya da sara, a fara. Sauran a bayyana lokacin da aka iso wurin.

2. Ka raba jarumai bisa ƙwarewa, amma ka bar mutum ya zaɓa. Idan sabo ya nace sai Wizard, ka faɗa masa haɗarin ka ba shi.

3. A yi yarjejeniya tun farko: ba a ba da shawara sai mai layi ya tambaya. Idan ya tambaya, a nuna masa hanya biyu, shi ya zaɓa.

4. Wanda ya fi sani ya zama Zargon, ko ya riƙe waya, ko ya ɗauki jarumi mafi wuya.

5. A tsaya a zango ɗaya ranar farko. Gara a tashi ana marmari da a tashi ana hamma.

Idan kai ne sabon, kar yawan katuna da mutum-mutumi su tsorata ka. Ka karɓi Barbarian, ka tambayi abin da ba ka gane ba, kuma idan aka fara tuƙa ka, ka ce cikin raha a bar ka ka gwada. Da koyo akan iya.

Idan kuma kai ne gwanin, ga gwajin da ya fi kowane zango wuya. Za ka ga ƙaninka ya nufi ƙofar da ka san bai kamata a buɗe yanzu ba. Ka san abin da ke bayanta, ka san abin da zai biyo baya. Ka yi shiru, ka gyara katunanka na warkarwa, ka bar shi ya buɗe.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.